Daga Akwatin Wasiƙunmu: Kwanon Silba Ya Yi Tsatsa, Laifin Wa?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wata baiwar Allah mai sayar da abinci a Gyaɗi-Gyaɗi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni a nan Kano. Ta ce kafin azumi ta kwashi kuɗin adashinta ta sayi kwanonin silba dozin biyu da cokula a kasuwar Tarauni, mai kayan kuma ya tabbatar mata ba sa tsatsa. Ga shi tun damina ba ta yi nisa ba, jan tabo ya feso musu, har masu cin abinci sun fara tsaki. Ta dirje da soson ƙarfe, ta jiƙa a bilic, abin sai ƙaruwa yake. Tambayarta ita ce, cutarta aka yi ta mayar da kaya, ko kuwa akwai magani?

To Hajiya, mun gode da wasiƙa. Kafin ki ɗaura gyale ki nufi kasuwa da faɗa, ki ɗan ba ni aron kunnenki.

Da farko, abin da muke kira silba ba azurfa ba ce. Ƙarfe ne aka narka shi tare da wani ma'adini mai suna kuromiyam, aƙalla kashi 10 da rabi cikin 100. Wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya yi fice da gano wannan haɗi a birnin Shefild na Ingila a 1913, yana cikin neman ƙarfen da bakin bindiga ba zai riƙa cinyewa ba. Shi kuromiyam ɗin, da zarar ya sha iska, sai ya yi wa ƙarfen wata 'yar fata siririya wadda ido ba ya gani. Ita ce ke tare ruwa. In ta ƙuje, takan sake toho da kanta, muddin wurin yana da tsabta kuma iska na samun sa. Ashe ke nan silba yana iya tsatsa, in aka hana fatar nan zama lafiya.

Me ke hana ta? Abu huɗu ne.

Na ɗaya, soson ƙarfe, musamman baƙin nan mai yin ja in ya kwana a jiƙe. Yana barin ɓurɓushinsa a jikin kwano, ɓurɓushin ne ke tsatsa, ke kuma ki ga kamar kwanon ne. Haka in aka bar wuƙa ko murfin gwangwanin tumatir a cikin kwano mai ruwa.

Na biyu, gishiri da bilic. Dukkansu suna ɗauke da sinadarin kulorin, shi ne babban abokin gabar fatar nan. Yana huda ta, ya bar ƙananan ramuka kamar na bakin allura. Kin ga ke nan, Hajiya, magunguna biyun da kika yi, su suka ƙara wa ciwon ƙarfi.

Na uku, danshi. A watan Yuli da Agusta iskar Kano a jiƙe take. In aka wanke kwanoni aka cusa wani cikin wani ba su bushe ba, ruwa ya maƙale a tsakani, iska ba ta shiga.

Na huɗu, ruwan da kansa. Wani ruwan rijiya ko na burtsatse yana tafe da ƙarfe a narke. Ki zuba shi a farin bokitin roba ya kwana. In kin ga jan laka a ƙasa da safe, to wani tabon daga ruwan yake.

Yanzu ga magani. Ki ɗauki kwano ɗaya tukuna ki gwada. Ki wanke shi da sabulu da ruwan ɗumi, maiƙo ya fita. Sai ki samo bekin soda, irin wanda masu kek da cincin ke saya, ki kwaɓa da ɗan ruwa ya yi kauri kamar ƙullun ƙosai. Ki shafa a kan tabon, ki bar shi kamar rabin awa. Daga nan ki goge da tsumma mai laushi ko tsohon buroshin haƙori. In kin duba da kyau za ki ga wasu siraran layuka a jikin ƙarfen, to ki bi su, kada ki ratsa su. In babu soda, toka ma tana yi, amma a tankaɗe ta sosai, kada a bar yashi ko tsakuwa a ciki.

In tabon ya yi taurin kai, ki ɗauraye, ki matsa lemon tsami a kai, ko ki zuba ruwan kal, ki bar shi minti 10 zuwa 15, ki goge. Tsamin ne ke narkar da tsatsar. Kada ki haɗa lemon da sodar lokaci guda, kashe juna suke yi. Kada kuma ki barbaɗa gishiri a kan lemon. Bayan nan ki ɗauraye da ruwa mai yawa, ki tsane da busasshen tsumma, ki shanya kowane kwano shi kaɗai ya wuni yana shan iska. Wannan shanyar ita ce rabin maganin, don a lokacin ne fatar ke komowa.

Ga gargaɗi da babbar murya. Kada a kuskura a haɗa bilic da lemon tsami ko ruwan kal. Wani hayaƙi mai guba yake tashi, ya shaƙe mutum, ya ƙona ido da ƙirji. Ruwan batir da ruwan wankin masai kuwa, kada su kusanci kwanon abinci ko kaɗan.

To yaushe laifin ya zama na kayan? In tabon ya fita, wurin ya koma sumul, kayanki lafiya lau suke, ki bar ɗan kasuwa ya sha iska. In kuwa kin ga saman yana ɓarewa kamar ɓawo, baƙin ƙarfe ya bayyana a ƙasa, to wannan shafe aka yi masa, ba silba ba ne, kina da bakin magana. Ki je da kwanon a hannu, a yi ta cikin mutunci, in ta ƙi a kai wa shugabannin kasuwa. Wanda kuma ya riga ya yi ramuka, ba abin da zai cike su. Ragowar abinci na ɓuya a ciki, don haka kada a zuba masa nono ko fura, a mayar da shi na awon gero ko wake.

'Yan kasuwa, ku ma ga naku. Silba suna ne, iri-iri ne. In kun ga an buga 18/8 ko 18/10 a gindin kwano ko bayan cokali, ma'anarsa kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 ko 10 na nikel, shi ya fi jure gishiri. Mai 18/0 ba shi da nikel, maganaɗisu na kama shi, ya fi saurin tabo. Amma kada a dogara da maganaɗisu kaɗai, don akwai mai araha da aka rage wa nikel aka cika da wani ma'adinin, shi ma ba ya kamawa. Ku daina cewa "ba ya tsatsa har abada". Ku gaya wa mai saye gaskiya, ku koya masa riƙo, sai ya dawo gobe. Mai saye kuma ya tuna araha ba ta ado.

Manoma, ku kula da wannan. Yawancin takin zamani na NPK yana ɗauke da irin wannan gishiri mai kulorin. Kada a auna taki da kwanon gida, kada kuma a jingine kayan ɗakin amarya da buhunan taki ko na gishiri a ɗakin ajiya.

Don kada tsatsa ta dawo, Hajiya, ki yar da soson ƙarfen nan, ki koma na roba ko soson gargajiya. Kada miya ta kwana a kwano. In tukunyar silba ce, sai ruwa ya tafasa ki zuba gishiri, ki motsa. Ki sa yaran da ke miki wanke-wanke su tsane kowane kwano kafin a jera. Masu kayan jere kuma, ku riƙa sauke su lokaci-lokaci da damina, ku goge, ku ba su iska.

Ki gwada a kwano ɗaya, ki sake rubuto mana yadda ta kaya. Allah Ya sa albarka a sana'a. Masu saurare, akwatinmu a buɗe yake, sai mun ji daga gare ku. Ku huta lafiya.