Me Ka Koyo Can da Zai Hana Gero Ƙonewa?

Yau maganar manyan makarantunmu za mu yi da sauyin yanayi. Amma bari in fara da tambayar da ta hana ni barci kwana da kwanaki.

Shekarar da na gama jami'a na koma gida Badarawa ana tsakiyar damina. An yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai ruwa ya ɗauke kusan sati uku. Muka je gona da Baba da hantsi, ganyen duk ya nannaɗe. Ya daɗe tsaye bai ce komai ba, can ya juyo ya ce min, "To kai ɗan boko, mi kak koyo can da za shi hana geron ga ƙonewa?"

Wallahi shiru na yi. Kuma fa ba wai ban karanta ba. Na san yadda hayaƙin fetur da gawayi ke taruwa a sama yana riƙe zafin rana. Na haddace Yarjejeniyar Faris ta 2015, na rubuta ta a jarrabawa na ci. Amma amsar da zan ba tsohon nan a bakin gonarsa, babu.

Abin da ya fi min ciwo, kundin kammala digirina a kan itacen girki na yi shi. Na bi gida-gida ina tambayar iyayenmu mata dami nawa suke ƙonawa a sati, nawa suke saye, me suke yi tunda daji ya gagari shiga saboda 'yan bindiga. Wasu sun koma kara, wasu kashin shanu, wasu har da leda suke haɗa wuta. Aka ba ni maki mai kyau, aka ɗaure kundin da bango mai sheƙi. Bayan shekara na koma karɓar takarduna, na leƙa wani sito, na hango shi cikin tulin kundaye, gara ta fara ci. Matan da suka ba ni lokacinsu ba wadda ta taɓa jin abin da na gano. Kuma laifin ba na makaranta kaɗai ba ne, har da ni. Wa ya hana ni komawa in faɗa musu?

To a nan maganata take. Makarantar gaba da sakandare ba ta gama aikinta a kan yanayi don ta sa shi a manhaja ba. Sai an ga abin a harabarta, kuma sai ya fita ƙofa ya isa gona da madafa.

Kada wani ya ce min sai a Turai. A Jami'ar Bayero ta Kano an buɗe tashar wutar sola a 2019, mai ƙarfin megawat 7.1, ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na samar wa jami'o'i wuta. Ku duba fa, ranar nan da muke kuka da ita a watan Afrilu ita ta riƙa kunna fitila da fanka a lokacin. Jami'ar kuma tana da cibiya sukutum ta binciken noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa, irin tamu ke nan. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato akwai cibiyar binciken makamashi tun shekarun 1980, sun daɗe suna aiki a kan murhu mai tsimin itace da na'urar busar da amfanin gona da rana. Wato ilimin yana nan. Hanyar da zai bi ya iso Badarawa, ya iso Zurmi, ita ce ba ta da kyau.

Mu ma a Zamfara ba mu rasa makarantu ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda tun 1983, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau tun 2013, ga ta jiha a Talata Mafara. Duk shekara ɗalibai na rubuta kundi. Ku lissafa da kanku: in kowane ɗalibi ɗan Shinkafi ko Zurmi ko Ƙaura ya ɗauko tambayar bincikensa daga garinsu, ya kuma mayar da amsar can, ina za mu kai cikin shekara goma?

Akwai kuma darasin da ke kusa da mu, wanda ba a koya min a aji ba. Maraɗi ta fi Kano kusa da mu, ko ba haka ba? Tun wajajen 1983 manoman can suka fara barin kututturan itace su sake tofo a gona, maimakon a sassabe su ƙwal. Sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Ba sayen dashe, ba ban-ruwa, don saiwar tana ƙasa tun da. Da wannan dabarar aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ku ɗauki gawo kawai: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa abincin awaki ne. Baba ya san wannan tun kafin a haife ni. Ni da digirina sai daga baya na sani. Ka ga jami'a ma tana da abin koyo a wurin manomi.

To me za mu yi? Ba zan ce a jira Abuja ba. An sa hannu a dokar sauyin yanayi a 2021, Zamfara kuma tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa. Madalla. Amma doka ba ta ba itace ruwa. Ga abu uku da ɗalibi zai iya farawa a wannan zangon.

Na ɗaya, mu daina dashen hoto. Kun san shi ai: a zo da riga iri ɗaya, a dasa ɗari biyu, a ɗauki hoto a sa a Facebook, bayan sati biyu akuya ta gama da su. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Ku dasa ashirin, kowane da sunan mai kula da shi, a kewaye shi da ƙaya, a ƙirga masu rai bayan shekara. Ruwa kuma? Ku dubi ruwan alwalar da ke kwarara a masallacin makaranta sau biyar a rana. Ɗan magudani kawai yake buƙata zuwa gindin darbejiya.

Na biyu, kai mai shirin rubuta kundi, kafin ka je wurin malami da take, je wurin gyatumarka ko kawunka ka ce, "Me ya fi damun ku bana?" In ka gama, ka taƙaita abin da ka gano a shafi ɗaya da Hausa, ka karanta a majalisa, ko ka naɗi murya ka tura a WhatsApp. Ke ma 'yar'uwa, cikin gida inda mu maza ba ma shiga, ke za ki kai.

Na uku, hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: yaushe ake sa ran saukar ruwa, yaushe zai ɗauke, ina ake tsoron fari a tsakiya. Hasashe ne, sanin gaibu sai Allah, amma yana taimaka wa mutum ya zaɓi iri mai saurin nuna ko ya ɗan jinkirta shuka. Kai ke da waya da data. Nemo na ƙaramar hukumarku ka kai wa masu noman.

Na san wani zai ce, "Mutanen da ba su iya zuwa gona don tsoro, kai kana maganar itace?" Gaskiya ne, tsaro shi ne gaba, ni ma ina da 'yan'uwan da suka bar gonakinsu na nesa. Amma shi ya sa 'yar gonar da ta rage a bakin gari ta ƙara daraja. In ita ma ta gaji, ina za mu?

Bara mun bar tofon gawo bakwai da kalgo a gonar Baba. Da farko cewa ya yi tsuntsaye za su tara masa. Yanzu shi ke hana yara sara. Tambayarsa dai har yau ban gama amsawa ba, amma na daina yin shiru.

Kai da ke makaranta, in ka je hutu, yi wa na gida wannan tambayar, ka dawo mana da abin da suka ce. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.