Shiga soja a Gana: sai da takarda

Jama'a masu saurare, musamman iyayenmu na Nima da Mamobi, aikin soja ba baƙonmu ba ne. Tun 1873, zamanin Glover, Hausawa ke sa kaki a ƙasar nan. Amma yau sai da takarda. Rundunar sojan Gana ɗan ƙasa take ɗauka, mai Ghana Card da sakamakon BECE ko WASSCE. Makanike, direba da birkila su haɗa da shaidar sana'arsu. Akwai albashi, akwai ƙarin horo. To, kada ku sayar da bijimi ku ba dillali kuɗi, gurbin soja ba na sayarwa ba ne. Ranar tantancewa kuma a bi layi, don turmutsutsun filin El-Wak a Nuwamba 2025 ya ci rayuka shida. Allah ya kiyaye.