Daga Madrid Zuwa Garnaɗa a Jirgin Ƙasa

 

An ce in ɗan yi bayanin tafiyar da na yi ƙasar Sifaniya a 2023. To, abin da ya kai ni ba ƙwallo ba ne, kada 'yan Basalona su gyara zama. Malaminmu na Tarihi, ga shi nan zaune, shi ya zana mana taswirar Andalus a allo muna aji uku. Ya ce Alfazazi mai Ishiriniyar da ake rerawa a unguwanninmu haifaffen Ƙurɗuba ne, kuma Ibn Asim mai Tuhufar da alƙalanmu ke karantawa mutumin Garnaɗa ne. Tun ran nan na ƙudura sai na je. Da na yi ritaya, gwiwa ta fara ƙara, na ce idan ban tafi yanzu ba, an gama.

Daga tashar Atocha da ke Madrid na fara. Jirginsu mai gudu, wanda suke kira AVE, ya fara aiki a 1992 tsakanin Madrid da Ishbiliya, wadda suke ce wa Sevilla. Tafiyar kilomita 471 ce, wato ta ɗan fi nisan Kano zuwa Abuja, amma bai cika awa uku a hanya ba, don yana gudun kilomita 300 a awa. Ku tuna jirgin da muke shiga idan an ba da hutu, mu kwana a tasha da gurasa a aljihu muna jira.

A wannan tasha na sha kunyar farko. Na tsaya shan shayi, ina ganin ai da sauran lokaci. Ashe sai an sa kaya a na'urar bincike, kuma ana rufe ƙofa saura minti biyu jirgi ya tashi. Ina isa, ma'aikaciyar ta nuna mini agogo kawai. Tikitina mai araha ne, ba a canza shi, sai da na sayi wani da kuɗin da ya ninka na farko. Malam mai kula da horo, bulalar makara da na tsere wa a makaranta, a Madrid na karɓe ta.

Saboda haka shawarata ta farko: ku sayi tikiti ta intanet tun da sauran makonni, ya fi sauƙi, kuma ku gwada farashin kamfanoni uku, Renfe da Iryo da Ouigo. Kowane tikiti da lambar tarago da ta kujera. Ku isa tasha saura rabin awa.

Daga Madrid zuwa Ƙurɗuba bai kai awa biyu ba. A can na sauka a abin da suke kira hostal. Ba ɗakin kwanan ɗalibai ba ne, ƙaramin masauki ne wanda yawanci iyali ɗaya ke riƙe da shi, ga tsabta ga rangwame. Nawa yana cikin tsohon gari, da ƙafa nake zuwa babban masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785. Tun 1236 aka mayar da shi coci, kuma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki. Na tsaya cikin ginshiƙan nan ɗaruruwa na yi shiru, na fita na yi azahar a masaukina.

Daga nan zuwa Garnaɗa kamar awa ɗaya da rabi ne, don layin mai gudu ya isa can a 2019. A nan na yi kuskure na biyu. Na kama ɗaki a tsohuwar unguwar Albaicín saboda hoton da na gani, ban tambayi hanya ba. Unguwar a kan tudu take, lunguna ne na duwatsu da matakala. Mai tasi ya ajiye ni a ƙasa, na ja akwati ina haki kamar ranar gudun yada-ƙanin-wani. Amma bayan wuya sai daɗi: masallacin da aka buɗe a 2003 yana nan kusa, daga lambunsa kuma ana hango fadar Alhamra, wadda Musulmi suka miƙa a 1492.

Kafin ku biya kuɗin masauki, ku tambayi abu uku. Mota tana isa ƙofa? Akwai na'urar hawa bene? Akwai na'urar sanyaya ɗaki? Zafin Ƙurɗuba a Yuli da Agusta yakan wuce 40, ba ya jin kunyar na Sakkwato. Ku guji Ishbiliya a makon Ista da lokacin bikinsu na Afrilu, ɗakuna kan yi tsada. Tikitin Alhamra kuwa tun daga gida ake sayensa, da lokacin shiga a rubuce, kuma a riƙe fasfo. Mai hali yana iya kwana a cikin harabar fadar, a ɗaya daga masaukan gwamnati da ake kira Parador. Ni dai leƙawa na yi.

Batun abinci, naman alade ya yi yawa a girkinsu, sai an tambaya. Kifi da ƙwai da dankali ba su ƙarewa, kuma a gindin Albaicín akwai shagunan 'yan Maroko masu naman halal.

'Yan'uwa, yawancinmu mun haura sittin. Wanda Allah ya hore wa, kada ya ce sai baɗi, don tudun Garnaɗa ba ya jiran gwiwar kowa. Malam, kai ka zana mana taswirar nan ba ka taɓa taka ƙasar ba. Na je na gani, yadda ka faɗa haka take. Ga hotunan na kawo maka. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu.