Allurar Insulin da Labarin Ƙwayoyin Nano



Tun shekarar 1921 da Banting da Best suka samo insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, masu ciwon suga ba su rabu da allura ba, domin kuwa maganin nan, in aka haɗiye shi, tumbi narkar da shi yake yi kafin ya kai ga jini. Wannan mushkila ce ta sa masana suka duƙufa a kan fannin da ake kira nano, wato ƙera wasu ƙwayoyi waɗanda, saboda tsabar ƙanƙanta, sai an jera ɗaruruwansu ko dubbai kafin su kai kaurin silin gashi, a ɗura maganin a ciki, a yi masa sutura, ya ƙetare tumbi da hanji lami lafiya. A 2024 masana na Jami'ar Sidni ta Ostareliya, da abokan aikinsu na Norwe, suka bayyana wata irinsu wadda suturarta ba ta warwarewa sai a hanta, kuma sai sugan jini ya hau. Hikimar ke nan, don kada magani ya wuce kima mutum ya yanke jiki ya faɗi.

To, amma fa a kan ɓeraye da birai aka jarraba! Ku riƙe wannan.

Abin da ke damuna shi ne halinmu: da an ji sabon suna, gobe za ka ga mai mota da lasifika a bakin kasuwa yana rantsuwa cewa garin maganinsa na nano ne, kwana bakwai an rabu da suga, alhali ko lambar NAFDAC babu. Sai malam ya jingine allura, wai ya yi tawakkali, ya manta shari'a ta umarce mu da riƙon sababi. Kafin a farga gyambo ya ci ƙafa, ido ya dushe, ƙoda ta gaza. Haba jama'a! Don an ga hadari ai ba a zubar da ruwan tulu.

Wanda likita ya ɗora a kan allura ya ci gaba da ita, ya kiyaye kwalbar daga zafin rana, ya riƙa auna jininsa. Mai shakka kuwa ya tafi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, ya tambaya. Kada dai a bar allurar nan.