Jawabin Shugaban Taro a Bikin Yaye Ɗaliban Injiniya a Yola

 

Jami'ar Modibbo Adama ta cancanci yabo. An kafa ta a 1981 a matsayin jami'ar fasaha, ta yaye injiniyoyi da masana noma da masu safiyo ba iyaka, yau ga ta da kwalejin likitanci da asibitin koyarwa. Allah ya saka wa malamanta da alheri.

Amma maganar da ta kawo ni ita ce ta kogin Binuwai. Wani masanin falsafa na Faransa, Michel Serres, wanda mahaifinsa ya ci abinci da haƙar yashi a kogin Garonne, irin aikin masu lodin tifa a ƙarƙashin gadar Jimeta, ya fitar da littafi a 1990 yana cewa ɗan Adam ya ƙulla yarjejeniya da ɗan'uwansa, ya manta bai ƙulla da ƙasar da ke ciyar da shi ba. Ɗan ƙasarsu Bernard Stiegler kuwa yana ganin kowace fasaha magani ce, kuma guba ce, ya danganta da kulawar da aka ba ta.



Mu nan mun ga hakan da idonmu. Kamaru ta kammala madatsar Lagdo a kan Binuwai a 1982, Garwa ta samu wuta. Mu aka bar wa gina madatsar Dasin Hausa a Fufore don tare ruwan idan an sako shi. Shekara fiye da 40, ina take? A 2012 ruwa ya ci mu, a 2022 ya sake ci. Shinkafa ta kai yanka ta nutse, iyalai suka kwana a azuzuwan firamare, aka raba buhunan masara da tabarmi, aka watse. Kullum sai a ce Kamaru ta sako ruwa. To, rabin aikin da aka bari, na wa ne? Tafkin Njuwa ma yashi ya cike shi muna kallo.

Ranka ya daɗe wakilin Gwamnan Adamawa, a isar mana da wannan koke Abuja: a sa Dasin Hausa cikin kasafi, a saki kuɗin, a fara aiki. Ku kuma 'ya'yana ɗalibai, duk zanen da za ku sa wa hannu, ku fara tambaya ina ruwa zai bi, kuma wa ke zaune a ƙasansa.

Allah ya sa albarka a karatunku.