Hayiti a Lakwal ɗin Amurka

Tarihin wata ƙasa ba ya shiga aji sai an tace shi da rariyar rigingimun cikin gida. Yadda Amurka ta koyar da tarihin Hayiti ya isa shaida.

A watan Agusta na 1791 bayin Saint-Domingue, wadda ta fi kowace mallakar Faransa kawo arziki, suka yi tawaye. Toussaint Louverture ya ja ragamarsu har aka kama shi a 1802. Dessalines ya karya rundunar Napoleyon a Vertières cikin Nuwamba 1803, kuma ranar 1 ga Janairu 1804 aka shelanta ƴancin Hayiti.

Ɗan lakwal na Amurka ya san shekarar 1803, amma ta wata fuska: shekarar da shugaba Jefferson ya sayi Luwiziyana daga Faransa a kan dalar Amurka miliyon 15, faɗin ƙasar ya kusa ninkawa. An daɗe ana koya masa wannan ciniki a matsayin hangen nesan Jefferson. Abin da aka saba tsallakewa shi ne, Napoleyon bai saki Luwiziyana ba sai da baƙaƙen fata da zazzaɓin shawara suka ci ƙarfin sojojinsa a tsibirin.

Wannan shiru yana da asali. Jefferson kansa mai bayi ne. A 1806 majalisa ta hana ciniki da Hayiti, kuma Washington ba ta amince da ita a matsayin ƙasa ba sai 1862, lokacin da wakilan jihohin kudu masu bayi suka riga suka fice daga majalisar. Wanda yake tsare da bawa a bayan gidansa, ina zai ba ɗansa labarin bayin da suka yi nasara? Bayan yaƙin basasa ma, ƙungiyoyi irin su United Daughters of the Confederacy sun riƙa sa ido kan littattafan lakwal na kudu.

Baƙaƙen Amurka kuwa ba su manta da Toussaint ba. Frederick Douglass, wanda aka haifa cikin bauta, ya wakilci Amurka a Hayiti daga 1889 zuwa 1891, ya kuma kare mutuncinta a bainar jama'a.

A 1995 masanin Hayiti Michel-Rolph Trouillot ya nuna cewa Turawan wancan zamani sun kasa ko tunanin yiwuwar wannan juyin juya hali, alhali yana faruwa a gaban idonsu. Marubutan tarihi da yawa suka gaji wannan makanta.