Kuɗin Da Ba A Yi Wa Tafi: Jawabi A Kan Kasafin Gyaran Jiragen Sufurin Soja



Abin da za mu tattauna a yau shi ne kuɗin da ake keɓewa don kiyaye lafiyar jiragen saman da ke ɗaukar sojoji da kayansu. Wani zai ce ina ruwan ɗalibi da wannan, ai batun bariki ne. To, amma jirgin soja ba ya tashi sai wani ma'aikaci a ofis ya sa hannu a takardar kuɗi, kuma da yawanku ku ne za ku zauna a waɗannan kujeru gobe.

Nijeriya ta fara karɓar jiragen C-130 Hercules a 1975. Jirgi ne mai inji huɗu, mai juriya, wanda ya yi jigilar sojojinmu zuwa Laberiya da Saliyo a shekarun 1990. Ranar 26 ga Satumba 1992, ɗaya daga cikinsu ya tashi daga Legas, injunansa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa cikin fadama a Ejigbo. Mutum fiye da 150 suka rasu, akasarinsu hafsoshi ne masu karatu a Kwalejin Hafsoshi ta Jaji. Ƙasa ta yi shekaru tana horar da su, ta rasa su cikin 'yan mintoci. Jirgin yaƙi mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka, jirgin sufuri kuwa kan ɗauki fiye da mutum ɗari, saboda haka asararsa ta fi tsanani.

Kuɗin da muke magana a kai iri uku ne. Na farko shi ne na babban gyara, watau bayan 'yan shekaru a kwance jirgi, a duba fukafukai da injuna da farfela. A 2017 wani Hercules na sojan Amurka ya tarwatse a sama a jihar Misisifi, mutum 16 suka mutu. Bincike ya nuna tsatsa ce ta ci reshen farfela ɗaya, ba a kawar da ita a babban gyaran 2011 ba, har ta zama tsaga.

Na biyu shi ne na ƙarin kayan kariya. A Janairun 2005 aka harbo wani Hercules na Ingila a Iraƙi, tankin man da ke cikin fiffike ya fashe, mutum 10 suka mutu. Akwai wani irin soso da ake cusawa cikin tanki don hana shi fashewa, Amurka ta daɗe tana sa shi a nata jiragen tun zamanin yaƙin Biyetnam, amma na Ingila ba su da shi. Sai bayan mutuwar nan aka samo kuɗin sa shi.

Na uku shi ne na bin ƙa'idar sararin sama. Yarjejeniyar Shikago ta 1944 ba ta hau kan jiragen soja ba, amma sarari ɗaya suke bi da jiragen fasinja, kuma kowace ƙasa ita ke da ikon sararinta. Tun daga 1 ga Janairu 2020 Amurka ta wajabta wa jirage, a manyan hanyoyinta na sama, na'urar da ke sanar da inda jirgi yake a kowane lokaci, har rundunarta ta sama sai da ta keɓe kuɗi don sa wa tsofaffin Hercules ɗinta. Jirgin da ba shi da irin waɗannan na'urori sai ya nemi izini na musamman, ko ya yi zagaye yana ƙona mai.

Me ya sa irin wannan kuɗi ne ake fara yankewa idan baitulmali ya yi ƙasa? Domin ba a ganinsa. Ranar da sabon jirgi ya sauka akwai fareti da 'yan jarida, amma ba wanda zai tara jama'a don an canja wayoyin da ke cikin fiffike. Bugu da ƙari, kasafinmu na shekara guda ne, alhali kuwa babban gyara kan ɗauki watanni da yawa. Kayan gyara da dala ake sayensu, kasafi kuwa da Naira ake rubuta shi. In Naira ta faɗi, kamar yadda ta yi a 2023, kuɗin da aka amince da shi ba zai kai ba. Daga nan sai makanikai su shiga cire kayan wani jirgi suna sa wa wani, har a wayi gari jirage da yawa a littafi, kaɗan a sama.

Shawararmu ga wanda fayil irin wannan zai zo gabansa ita ce, kada ya yarda a sayi jirgi sai an rubuta abin da kula da shi zai ci har ƙarshen rayuwarsa. A raba kuɗin gyara da na saye, a tsara shi na shekaru da dama, a kuma sake shi a kan lokaci, don kuɗin da ya fito a watan ƙarshe na shekara bai gyara komai ba. Idan kuma kuɗi ya gaza, a faɗi gaskiya a rubuce, a ajiye jirgin a ƙasa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada kuma kalmar "sirrin tsaro" ta rufe mana baki. Inda jirgi zai je sirri ne, amma tambayar ko an biya kuɗin gyaransa haƙƙin Majalisa ne, da mai binciken kuɗi, da iyalan waɗanda za su shiga cikinsa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba mu ikon riƙe amana.